Wayar da Yaya Ishaya ya ɗaura a kan gawo

Bana ruwa ya yi jinkiri a Yamai. Kusan sati uku ke nan hadari yana haɗowa ta gabas, ya yi baƙi kamar gindin tukunya, sai iska ta zo ta watsa shi. Kuran kuwa, wato wutar lantarki, tun hantsi ake ɗauke shi, mu fito tsakar gida nan Lamorde mu baje a kan tabarma, ƙasa tana gasa mu, sama tana gasa mu. Shekaranjiya ina kishingiɗe haka, jikata Murna ta matso da salularta ta ce, "Kaka, ji abin da aka turo." Muryar wani namiji ce, ban san shi ba, ita ma ba ta san shi ba. Cewa yake akwai munafukai a cikinmu, kowa ya sa ido a kan maƙwabcinsa. Na ce ta kashe. Ta yi dariya ta ce, "Haba Kaka, ai magana ce kawai." Na tashi zaune. Ni na taɓa jin irin maganar nan da kunnena, a wata bazara mai kama da wannan, ina da shekara goma sha shida.

Lokacin ba a daɗe da samun ƴancin kai ba. A Gaweye muke zaune, bakin kogi, tun ba a yi gada ba. Gidajen ƙasa ne da jiragen masunta, da itatuwan gawo manya. Iyayena daga Dogon Dutsi suka zo. Baba lokotoro ne, yana allura da ɗaurin miki, kuma yakan yi wata biyu ko uku a daji in aka tura su rigakafi. Mu Kirista ne, gida biyu kacal a layinmu. Katanga ɗaya ta raba mu da Hajiya Mariyama, Badamagariya, wadda mijinta ɗan kasuwa ya rasu ya bar ta da ɗa namiji guda, Laminu. Shi da yayana Ishaya sa'o'i ne, shekara goma sha tara. Tare suka yi lakwal, wato makarantar boko, tare suka koyi iyo. In salla ta zo Ishaya ke riƙe ƙafar rago, in Kirsimeti ta zo Laminu ke fara sa hannu a kwanon Inna.

Yaya Ishaya yana gyaran radiyo a kantin wani anasara. Daga matattun radiyo uku da aka zubar ya haɗa mai rai guda, ya sa mata gida na katako. Sannan ya hau gawon ƙofar gidanmu ya ɗaura wata doguwar wayar jan ƙarfe, ya zuro ta ta taga. Ranar da ya fara kunna ta, kiɗan wata ƙasa mai nisa ya cika ɗakin, Inna ta saki ludayi ta ce, "Yesu! Mutane nawa ka tara a ciki?"

Daga nan ƙofar gidanmu ta zama dandali. Da la'asar sakaliya samari da ƴan mata su taru a gindin gawo. Mun koyi rawar da iyayenmu ba su sani ba, mun koyi sunayen garuruwan da ba mu taɓa tunanin zuwa ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne filin gaishe-gaishe. In aka karanto sunan wani ɗan unguwa, ranar ba ya taka ƙasa. Laminu ya aika takarda sau uku ba a karanta tasa ba. Yakan ce, "Wallahi Ishaya, kafin in mutu sai sunana ya fito daga akwatin nan."

Pil ɗin radiyo, wato batir, tsada gare su. Aikina ne kowace safiya in jera su a kan kwanon rufi rana ta buga su, wai su ƙara ƙarfi. In sun fara sanyi Yaya ya ɗan cije su da haƙori, su ƙara mana rabin awa.

A shekarar rumbuna sun yi ƙasa tun kafin bazara ta kai tsakiya. Gero ya yi wuya a kasuwa. Kogi ya janye har tsibiran yashi suka fito, ruwan da ya rage ya yi ɗumi yana warin laka. Baba yana daji. Inna ta mayar da girki sau ɗaya, da rana tsaka. Da safe fura ce tsararo, wadda in ka leƙa ƙwarya kana ganin fuskarka. Da marece sai kopto, kwaɗon ganyen zogale da ɗan garin rogo, a sha ruwa a kai. Na san yunwar nan da ba ta ciwo, sai dai in ka miƙe da sauri ido ya rufe.

Muna da ƴar gona a Saga, wani dattijon Bazabarme ya ba gidanmu da gidan Hajiya aro, sama gero, gangare shinkafa. Ishaya da Laminu ke noma ta. Da asuba su saɓa hauya su kama hanya, ni in bi su da gora da hantsi. Ruwan fari ya sauka, muka yi shuka muna murna. Gero ya tsiro kamar tsawon yatsa, sai sama ta rufe bakinta. Kwana goma, kwana goma sha biyar. Ina kallo tsiron ya nannaɗe ya koma launin toka, iska ta binne shi da yashi. Muka sake zuba iri a busasshiyar ƙasa, na ƙarshe da ya rage a tukunyar Hajiya, muka zauna jira.

A cikin jiran nan ne muryar radiyo ta sake. Aka rage kiɗa, aka yawaita sanarwa. Wai wasu sun shigo ta iyaka da bindigogi, wai suna da ƴan uwa a cikin gari, kowa ya sa ido. Aka fara ɗibar samari a unguwanni, a ba su rigar kaki da kulki, a ba su shinkafa da rana. Kuma duk waɗanda suka kama wani, da yamma a karanto sunayensu ɗaya bayan ɗaya, a ce ƴaƴan ƙasa na gari. Laminu ya shiga. Ba na mantawa da ranar da ya zo da rigar, ta yi masa yawa a kafaɗa. Yaya ya dube shi ya ce, "To gonar fa?" Ya ce, "Wace gona? Yashi za mu nome?" Amma bai daina zuwa gindin gawo ba, har yakan ɓoyo mini shinkafa a ganye.

Akwai wata tasha da Yaya yake kamawa in mutane sun watse, ya rage murya. Daga wata ƙasa take zuwa, amma da Hausa, Hausar ma irin tamu. Wani mutum ne yake zagin masu mulki. Yaya ba ɗan siyasa ba ne, ko katin jam'iyya bai taɓa riƙewa ba. Abin da ke burge shi shi ne wayarsa ta jawo murya daga nisan duniya. Yakan ce mini, "Rahila, ji yadda ta fito tas! Ko ta kantin anasara ba ta kama wannan." Laminu ma ya sha ji tare da mu, yana dariya.

Ni na kai maganar bakin kogi. Muna wanki, wata yarinya tana cika baki wai kawunta ya sayo radiyo sabuwa mai hannu. Raina ya ɓaci na ce, "Ta kawunki tana jin mutumin da ke zagin gwamnati? Ta yayana har da shi take magana." Haka na ce, take magana. Ban san abin da ya sa harshena ya zaɓi wannan ba. Wata tsohuwa ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da bugun zanenta.

Kwana huɗu bayan nan, rana tsaka, irin zafin da ko kaji sun buɗe baki suna haki a gindin randa. Yaya ya dawo daga Saga, inda ya je duba ko iri ya ruɓe, yana zaune a inuwar katanga ba riga, yana wanke ƙafa. Inna tana daka. Sai muka ji usur. Kafin in ajiye tsintsiya an banko ƙyauren, sun cika gidan, sun fi ashirin, duk da kaki da kulake. A gabansu akwai wani dogo mai usur a wuya, ba ɗan unguwarmu ba ne. A bayansu mutanen layi, waɗanda jiya-jiya suke rawa a ƙofarmu.

Mai usur ya ce, "Kai ne mai akwatin da ke magana da maƙiya?"

Yaya ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, radiyo ba ta magana da kowa. Ji kawai take yi. Bari in buɗe in nuna maka."

Ya juya zai shiga ɗaki, aka ce zai ɗauko bindiga. Kulki ya sauka a gadon bayansa, ya faɗi a kan gwiwa. Biyu suka shiga suka fito da radiyon suka maka ta da ƙasa. Wani ya hau gawo ya tsinko wayar. Da ita suka ɗaure masa hannu ta baya, suka ja har jan ƙarfen ya nutse a nama, jini yana bin yatsunsa yana ɗiga a yashi. Daga waje wata murya ta ce, "Wayar nan ce ke korar hadari! Tun da ya ɗaura ta ruwa ya ɗauke!" Sai taron ya ɗauka gaba ɗaya.

Inna ta yi kansu da taɓarya a hannu, ba ta ma san tana riƙe da ita ba. Aka hankaɗa ta, bakinta ya daki turmi, haƙoranta biyu na gaba suka zube. Ni na kama hannun wani na gantsara masa cizo har na ji gishiri a bakina. Ya zare bel ya zuba mini, ƙarfen ya tsaga mini gira. Tabon yana nan.

Mai usur ya durƙusa gaban Yaya. "Da wa kake magana? Faɗi suna."

"Ba kowa."

Ya buɗe tafukansa biyu ya haɗa su a kan kunnuwan Yaya lokaci guda, tas! Ya sake tambaya, ya sake haɗawa. Sau nawa, ban ƙirga ba. Yaya yana ta girgiza kai kamar wanda ruwa ya shiga wa kunne. Can ya ɗaga ido ya hango Laminu a bakin ƙofa, ya ce da ƙarfi, "Laminu! Gaya musu! Ai ka sani!"

Duk suka juya. Mai usur ya ce, "Au, ka sani? Kai ma kana ji tare da shi?"

Laminu ya ce, "Ni ban taɓa ji ba."

"Abokinka ne?"

"Maƙwabci ne kawai."

Mai usur ya ɗauki hauyar da Yaya ya jingine, ya buga ta da ƙasa ƙarfen ya fita, ya miƙa wa Laminu ƙotar. "To nuna mana."

Ƙotar nan Laminu ne da kansa ya sassaƙa ta. Na ga leɓensa yana motsi. Na ɗauka zai yar. Ya rufe ido ya ɗaga ya sauke ta a gefen kan Yaya, daidai kunnen hagu. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an fasa ƙwarya a cikin zane. Yaya ya kife. Jini ya fito ta kunne, baƙi, a hankali. Sauran suka rufe shi da duka da ƙafa.

Abin da ya hana su kashe shi Hajiya ce. Matar da tun rasuwar mijinta ba a taɓa ganin ta a waje ba lulluɓi, ta fito kai ba ɗankwali, ta ratsa su ta faɗa a kansa ta rufe shi da jikinta. Kulki biyu sun same ta kafin su ankara. Tana cewa, "Ku kashe ni tare da shi! Nonona ya sha lokacin da uwarsa ta yi ciwo! Laminu, Allah ya isa tsakanina da kai!" Suka ja da baya. Mai usur ya busa, aka janye ta, aka ɗauki Yaya kamar buhu aka jefa a bayan motar kamyo. Suka kwashe tarkacen radiyon a matsayin shaida.

Da yammar ranar, daga wani gida can ƙasan layi inda suke da radiyo, na ji ana karanto sunaye. Na Laminu ne na uku. An faɗe shi da sunan mahaifinsa da unguwarsa, tas.

Kwana uku bayan haka ruwa ya sauka. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun azahar har duhu, ƙasa ta yi ƙamshin nan da kowa ke jira. Yara suna tsalle tsirara a layi. Ina tsaye a zaure na ji wata maƙwabciya tana ce wa wata, "Kin gani? Ana cire wayar." Inna tana ɗaki da kumburarren baki, ta juya fuska ga bango.

Gero ya tsiro, ba mai noma. Laminu bai ƙara kwana a gida ba, Hajiya ta sa an fitar da tabarmarsa waje. Sai mu uku muka kama hanyar Saga, ni da Inna da Hajiya, wadda ba ta taɓa riƙe hauya ba a rayuwarta. Ranar farko tafukanta suka yi ƙulu-ƙulu suka fashe, ta naɗe su da tsumma ta ci gaba. Muna noma ciki ba komai sai ruwan fura. Ciyawa ta fi mu sauri. A sati na biyu matan Saga suka gan mu, suka tsaya suka ce fofo, sannu ke nan da Zabarmanci, washegari suka zo su bakwai da hauyoyinsu, ba su tambaye mu ina mazanmu ba. Matan majami'a ma suka zo ranar Asabar. A gangare muka shiga laka har gwiwa muna cirar ciyawar shinkafa, matsattsaku suna manne mana a ƙwauri. Inna ba ta iya tauna, sai Hajiya ta dama mata kunu ta kawo ta kan katanga.

Baba ya dawo daga daji ya tarar da gida haka. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Kullum ya sa farar rigarsa ta aiki ya bi ofis-ofis neman Yaya. Nan a ce ba a san da shi ba, can a ce ya dawo gobe. Da aka gano inda yake, ni ke kai abinci bakin ƙofa in miƙa wa mai gadi, a dawo mini da kwano wayam. Ko shi ke ci, ko wani, ban sani ba.

Sai da gero ya fitar da kai, aka fara gasa tumu, sannan aka sake shi. An ce an kai tarkacen wurin wani masani ya duba, ya ce radiyo ce kamar kowace. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Da hantsi ya shigo, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, wuyan hannunsa da zobe biyu na tabo. Inna ta ƙwala ihu ta kira sunansa daga bayansa. Bai juyo ba. Baba ya duba kunnuwan da ƴar fitilarsa, ya daɗe yana dubawa, ya kashe ta ya sa a aljihu ya fita waje. Na hagu ya mutu sarai. Na dama sai an kafa baki an yi ihu yake jin kamar guguwa.

Laminu ya zo sau ɗaya. Rana ce, kowa ya tafi girbi, ni kaɗai nake gida da zazzaɓi. Ba kaki a jikinsa, yana riƙe da ƙunshin kaya. Yaya yana zaune a tsakar gida ya ba ƙofa baya. Laminu ya yi sallama. Ya sake. Ya ce, "Ishaya, ni ne. Tafiya zan yi Kurmi. Ka yafe mini." Ya tsaya yana jira, hawaye na zuba. Bai san Yaya ba ya ji ba, ya ɗauka ƙyale shi ya yi. Ina kallonsu ta labule. Taku uku ne tsakanina da kafaɗar Yaya. Ban tashi ba. Laminu ya goge fuska ya juya, kuma ba a sake ganinsa a Yamai ba. Hajiya ta rasu ba ta san ko yana raye ba.

Anasara bai mayar da Yaya aiki ba, wa zai ɗauki kurma gyaran radiyo? Amma mutane suka fara kawo masa nasu a gida, a ɓoye da farko, har da waɗanda suka yi ihu a ƙofarmu. Yakan ɗora yatsa a kan lasifika ya ji tana kaɗawa, amma ba ya sanin ko murya ce ko shuu. Sai ni na zama kunnensa. In zauna gabansa yana murɗawa, in ta fito in ɗaga hannu. Muna magana da allon lakwal da alli.

Wata rana bayan an gama sussuka, muna zaune haka, na ɗauki allon na rubuta duka. Na rubuta abin da na faɗa a bakin kogi. Wuri ya ƙare, na juya bayan allon na rubuta zuwan Laminu, da abin da ya ce, da yadda na ƙi tashi. Na miƙa masa.

Ya karanta gaba. Ya juya ya karanta baya, ya daɗe a kan bayan. Ya ce, da muryar nan tasa da ta koma mai ƙarfi ba daidai ba, "Ya yi kuka?"

Na gyaɗa kai.

Ya dubi ƙofa kamar mai jiran wani ya shigo. Sannan ya tofa yawu a kan allon, ya goge gaba da baya da gefen rigarsa, ya ajiye. Ya jawo radiyon da ke gabansa ya kama maɓallin.

Ya ce, "Matso, Rahila. In ta fito ki ɗaga hannu."